Tarihin Daidaita Lokaci a Na'urorin Gwajin Kayan Lantarki

Na'urar gwaji mai sarrafa kanta ita ce injin da masana'antu ke amfani da shi wajen tantance guntayen silikon, waɗanda masu gyaran waya a Gumel da Maigatari ke kira aisi, kafin a saka su cikin waya ko kwamfuta. Aikinta shi ne ta tura siginar lantarki ta ƙafafun guntun, sannan ta duba ko amsa ta dawo daidai kuma a kan lokaci.

Kamfanin Teradyne, wanda Alex d'Arbeloff da Nick DeWolf suka kafa a Boston ta Amurka a 1960, ya fitar da J259 a 1966, injin gwaji da kwamfuta ke sarrafawa. A wancan zamani guntaye ba su da sauri, don haka ɗan jinkiri bai dami kowa ba. Da sauri ya ƙaru sai aka koma auna lokaci da nanosakan, wato kashi ɗaya cikin biliyan na sakan, wanda a cikinsa sigina ba ta wuce tafiyar kusan santimita 20 a cikin kebul. Ke nan idan wayar ƙafa ɗaya ta fi ta wata tsawo kaɗan, siginonin da aka saki tare ba za su isa tare ba, kuma injin zai iya yar da guntu mai lafiya ko ya wuce da mai lahani, asarar da take komawa kan mai saye.

Injinan farko suna raba 'yan da'irorin ƙidayar lokaci tsakanin ƙafafu masu yawa, amma a shekarun 1980 aka fara ba kowace ƙafa nata, tsarin da kamfanin Megatest ya yi fice a kansa. Dabara mafi armashi wajen daidaita isar siginonin ita ce ta auna dawowar sigina: ana tura bugun lantarki ta wayar da ƙarshenta yake a buɗe, a ƙidaya lokacin da ya ɗauka ya dawo, a raba biyu, sai injin ya jinkirta ƙafafun da ke riga sauran isa har su daidaita. Saboda zafi yana sauya saurin da'ira, manyan injina sun koma sanyaya allunansu da ruwa.

A yau Teradyne da Advantest na Japan, wanda ya sayi kamfanin Verigy a 2011, su ne suka mamaye kasuwar, kuma ana lissafa kuskuren injinansu da pikosakan, kashi ɗaya cikin dubu na nanosakan.