Hibernate: Daga Sanyin Turai Zuwa Dogon Barcin Kwamfuta

Duk mai kashe kwamfuta ya taɓa cin karo da kalmar Hibernate kusa da Sleep. Tushenta Latin ne: hibernare, wato yin zaman hunturu. Turawan Ingila suka are ta, suka laƙaba wa dabbobin da ke shiga rami su kwanta har sanyi ya wuce, irin su bushiya da jemage.

Abin sha'awa shi ne yadda wannan tushe ya juya a Sahel. Daga gare shi Faransanci ya samu hivernage, wadda a Maradi da Zinder take nufin damina. Kalmar sanyin Turai ta koma ta ruwan sama da shuka.

A kwamfuta kuwa, Bahaushe yakan ce “ta yi barci”, ya haɗa abu biyu a kalma ɗaya. A Sleep, na'urar tana ci gaba da tsotsar batir kaɗan-kaɗan don ta riƙe aikin da ke buɗe. A Hibernate, tana kwashe komai ta ajiye a faifai, cikin fayil ɗin da Windows ke kira hiberfil.sys, sannan ta mutu murus. Ko an kwana uku ba wuta, da an kunna ta za ta dawo inda aka tsaya. Wannan bambanci ya cancanci suna nasa, “dogon barci”.

Gaiwa ta fi bushiya dacewa da misalin: tana binne kanta cikin busasshiyar laka duk rani, sai ruwa ya sauka ta farfaɗo.