Tarihin Yoyon Ma'ajiya a Kayan Aikin Rubuta Manhaja

Makasudin wannan lacca shi ne bin diddigin wata tsohuwar cuta ta kwamfuta, wadda masana ke kira yoyon ma'ajiya. Kowace manhaja, idan tana aiki, takan ari gurbi a ma'ajiyar na'ura ta zuba bayanai, in ta gama ta mayar. Idan ta ara ba ta mayar ba, gurbin ya salwanta har sai an rufe ta. Da yayyafi kogi kan cika. In ma'ajiya ta ƙure, sai na'ura ta koma jigilar bayanai zuwa faifai, wanda ya fi ta nawa nesa ba kusa ba, aiki ya dinga jan ƙafa. Cutar takan addabi kayan da ake rubuta manhaja da su, domin akan bar su a buɗe yini guda ko kwanaki.

A shekarar 1958 John McCarthy ya fara tsara harshen Lisp a jami'ar MIT ta Amurka, a kan na'urar IBM 704, wadda ma'ajiyarta ba ta wuce gurbi 32,768 ba. Da ya ga mayar da gurabe da hannu zai wahalar da marubuci, sai ya ɗora wa na'ura nauyin. Idan wuri ya ƙare, takan dakatar da aiki, ta yi wa duk abin da manhaja ke iya kaiwa gare shi alama, ta kwashe sauran. Ya bayyana dabarar a 1960, ana kuwa kiranta kwasar shara. Tun daga farko ta zo da farashinta, watau tsayawar aiki. McCarthy da kansa ya ba da labarin wata rana da ake nuna wa baƙi Lisp, mai kwasar shara ya tashi, na'ura ta shiga buga dogon rahotonsa har lokacin da aka ba su ya ƙare, 'yan kallo na dariya.

Harshen C, wanda Dennis Ritchie ya tsara a Bell Labs wajen 1972, ya bi wata hanya dabam. Marubuci ne ke ara, shi ne kuma ke mayarwa. Wannan ya ba da sauri, amma mantuwa guda a cikin umarnin da ake maimaitawa sau dubbai ta isa ta cinye ma'ajiya. Bisa ga haka aka ƙera kayan farautar yoyo: Purify, wanda Reed Hastings da Bob Joyce suka gabatar a 1992, da Valgrind na Julian Seward a 2002.

Da Java ya fito a 1995 da mai kwasar shara a cikinsa, da yawa sun ɗauka an rabu da matsalar. Ba a rabu ba, kama kawai ta sake. Mai kwasar shara ba ya taɓa abin da har yanzu manhaja ke riƙe da shi, ko da ba za ta ƙara waiwayarsa ba. Alal misali Eclipse, wanda IBM ya saki a 2001, an gina shi da Java, kuma yana karɓar ƙananan manhajojin ƙari daga hannun mutane daban-daban. Wani keɓaɓɓen sashe na ma'ajiya mai suna PermGen yakan cika masa, har ya tsaya cik, masu aiki su yi ta faɗaɗa sashen da hannu. Sai a 2014, da fitowar Java 8, aka soke wannan sashe.

Microsoft ya ɗauki darasi a Visual Studio Code na 2015. Ya ware manhajojin ƙari a wani ɓangare mai zaman kansa, yadda in ɗayansu ya yi yoyo za a iya sake tayar da ɓangaren ba tare da rufe shafin rubutu ba. Wannan killace cuta ne, bai warkar da ita ba.

Abin da wannan tarihi na shekaru sittin da ɗoriya ya tabbatar shi ne, na'ura tana iya gane abin da aka saki, amma ba ta da hanyar sanin abin da aka gama da shi alhali ana riƙe da shi. Wannan hukunci har yau yana wuyan marubucin manhaja.