Bishiyar Gwamnati da Bishiyar Manomi: Tarihin Kuɗin Dashen Itace a Arewacin Kano

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Ɗambatta da rani zai ga bishiyoyi iri biyu. Akwai dogayen layukan itacen turare da aka dasa a jere domin tare iska. Akwai kuma gawo da ɗorawa da kuka da tsamiya da kanya, a warwatse cikin gonaki. Na farkon da kuɗin hukuma aka dasa su. Na biyun kuwa ba su taɓa shiga kasafin kuɗin kowa ba. Tarihin kare ƙasar noma a wannan yanki yana tsakanin waɗannan biyun.

Tsoron hamada ya girmi 'yancin kan Najeriya. A 1934 wani masanin gandun daji ɗan Birtaniya, E. P. Stebbing, ya ratsa arewacin ƙasar nan, ya koma yana gargaɗin cewa Sahara na tahowa kudu, ya ba da shawarar a kafa mata shingen itatuwa. Ingila da Faransa suka naɗa kwamitin haɗin gwiwa da ya zagaya kan iyaka a 1936 da 1937, bai kuma sami hujjar wannan mamaya ba. Sai dai siffar da Stebbing ya zana, ta rairayi mai tafiya da katangar da za ta tare shi, ta zauna daram a zukatan masu tsara manufofi.

Farin 1972 zuwa 1974 ne ya buɗe bakin aljihu. Amfanin gona ya ƙone, dabbobi suka hallaka, a daidai lokacin da kuɗin man fetur ke kwararowa. Gwamnatin tarayya ta ɓullo da shirin dashen itatuwa a yankunan da fari ya fi shafa, a 1981 kuma aka kafa Asusun Kula da Muhalli da kashi 1 cikin 100 na asusun tarayya, wanda aka ɗaga zuwa kashi 2 a 1992. A 1986 Bankin Duniya ya amince da rancen shirin gandun daji kashi na biyu, ofishin da ke daidaita dashen a jihohin arewa kuwa a Kano yake. Layukan turaren ƙasar Ɗambatta 'ya'yan wannan tunani ne.

Shingayen sun rage ƙarfin iska, babu musu. Amma binciken da aka yi a Yambawa, kusa da Ɗambatta, ya nuna cewa saiwar turare na kutsawa cikin gona tana raba ruwa da gero, har sai an datse ta kafin amfanin da ke gefen shingen ya yi kyau. Ga kuma matsalar fili. A ƙasar da ake noma kowace gona duk shekara babu hutu, layin bishiya ɗaya kunyoyi ne da aka cire daga abincin wani gida. Manomi ya ba da ƙasa, itacen kuwa na hukuma ne. Me zai sa ya kore akuya daga jikin dashen?

A gefe guda, wani masanin ƙasa, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya da Kano, ya fara nazarin ƙauyukan da ke kewaye da birnin tun shekarun 1960. Abin da ya gano shi ne cunkoson jama'a bai cinye ƙasar ba. Manoma na kai takin dabbobi da na jujin birni gona a kan jakuna, suna haɗa gero da dawa da wake a fili ɗaya, suna kuma tattalin itatuwa kamar dukiya: ɗorawa ta ba da kalwar daddawa, kuka ta ba da miya, gawo ya zubar da ganye da damina ya bar shuka ta sha rana. Binciken da shi da abokan aikinsa suka buga a 1990 kan itacen girki a Kano ya nuna cewa yawan bishiyoyin gonakin kusa da birni bai ragu ba duk da farin da aka sha. Mai ɗaki, in ji Hausawa, shi ya san inda yake yoyo.

Maƙwabtanmu na Maraɗi sun tabbatar da haka. Tun daga 1983 aka fara ƙarfafa manoma su daina sare tohon da ke fitowa daga tsofaffin kututture, su zaɓi masu ƙarfi su reno su. Wannan sassabin zamani, haɗe da sassauta ikon jami'an gandun daji a kan itacen gona, ya farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a Nijar, da kuɗin da bai kai ko kusa da na gidajen renon dashe ba.

Yau kuɗi sun sake zuwa. Tarayyar Afirka ta amince da shirin Babbar Koriyar Ganuwa a 2007, Najeriya ta kafa masa hukuma a 2015, Kano na cikin jihohi 11 da ya shafa. A Disambar 2021 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 domin shirin ACReSAL a jihohin arewa 19 da Abuja. Wannan rance ne, kuma yaran da ake tarawa ranar bikin dashe riƙe da 'yan itatuwa a leda su ne za su biya shi.

Saboda haka idan aka sanar da cewa an raba dashe miliyan kaza a Makoɗa ko Bici, akwai tambayoyi uku da suka kamaci mai karatu. Nawa ne suka ga damina ta uku? Wa ya zaɓi irin itacen? Kuma idan bishiyar ta girma, wa ke da ikon sassabe ta ya sayar da reshe ba tare da neman izini ba? Kukar da kakanninmu suka bari a tsakiyar gona ta daɗe da amsa ta ukun.