Pramipexole

Pramipexole magani ne da ake bai wa masu cutar Parkinson, wadda ke kawo makyarkyata da sandarewar gaɓoɓi da nauyin jiki wajen motsi. Ana kuma ba da shi ga masu ciwon rashin natsuwar ƙafafu, waɗanda da zarar sun kwanta da dare sai ƙafa ta dame su, ba su samun sauƙi sai sun motsa ta. Kamfanin Boehringer Ingelheim na Jamus ne ya ƙirƙiro shi, aka amince da shi a Amurka a 1997. Ana sayar da shi da sunaye irin su Mirapex da Sifrol, kuma ba a bayar da shi sai da takardar likita.

A cutar Parkinson, ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu samar da sinadarin dofamin ne ke mutuwa sannu a hankali. Maganin yakan maye gurbin sinadarin, ya zauna inda dofamin ke zama, ya yi aikinsa. Akan fara da kaɗan, miligiram 0.125, sannan likita ya riƙa ƙarawa mako-mako. Ta ƙoda yake fita, shi ya sa ake rage wa mai ciwon ƙoda.

Illolinsa sun haɗa da tashin zuciya, jiri idan an miƙe tsaye, gane-gane, da barci mai zuwa ba sallama, ko da mutum yana tuƙi. Wasu kan faɗa caca ko sayayya ko ci ba ƙaƙƙautawa. Ba a daina shansa kwatsam. Sai dai likita ya rage shi kaɗan-kaɗan.