Yahudawan Tsibirin Kurasawo

Ya kai mai karatu, ka san tsibiri? Ƙasa ce wadda ruwa ya kewaye ta ko'ina. Akwai wani ƙaramin tsibiri, sunansa Kurasawo, kusa da ƙasar Benezuwela, can nahiyar Amurka. Ga labarin wasu baƙi da suka zauna cikinsa.

A shekarar 1492, zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, sarakunan Ispaniya suka ce wa Yahudawa: ko su bar addininsu, ko su bar ƙasa. A 1497 Fotugal ma ta tilasta masu shiga Kiristanci. Wasu suka riƙa ibada a ɓoye. Daga baya jikokinsu suka gudu Amsadam, a ƙasar Holan.

Mutanen Holan suka ƙwace Kurasawo a 1634. A 1651 wasu iyalan Yahudawa suka iso don su yi noma. Amma tsibirin ba shi da ruwan sama sosai. Kai manomin Gidan Rumji ka san abin da fari ke yi wa gona. Sai suka koma fatauci da jiragen ruwa.

Duk da haka ba su watse ba. Suka kafa jama'a mai suna Mikwe Isra'ila. A 1659 ƙarin baƙi suka zo da littafin Attaura, aka keɓe maƙabarta. A 1674 suka samu babban malami, Yosiya Pardo. A 1732 suka buɗe ɗakin ibadarsu a birnin Wilemstad. Har yau ana ibada cikinsa, kuma babu irinsa da ya daɗe ana amfani da shi haka a duk nahiyar Amurka.

Da za ka shiga, sai ka taka rairayi, kamar a masallacin ƙauye. Wasu sun ce tunawa ce da shekara 40 da Annabi Musa ya yi da jama'arsa cikin daji. Wasu sun ce kakanninsu ne ke zuba rairayi don kada a ji sawunsu lokacin ibadar ɓoye.

Amma tarihi ba ya ɓoye laifi. Kurasawo babbar kasuwar bayi ce, inda ake kai ƴan Afirka. Cikin Yahudawan ma akwai masu bayi. Waɗanda suka tsere wa zalunci, ga su suna riƙe da wasu. A 1795 wani bawa, Tula, ya jagoranci tawaye, aka kashe shi. Sai a 1863 aka hana bauta.

A 1864 jama'ar ta rabu biyu kan yadda za a yi ibada. Shekara 100 cif kowa na nasa ɗaki. Da yawansu ya ragu, suka sake haɗewa a 1964.

To, mai karatu, idan gardama ta tashi a ƙungiyarku ta manoma, ka tuna: sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.