Tarihin Tiyatar Ƙashin Baya da Mantuwar Tsofaffi

Yau za mu waiwayi yadda likitoci suka daɗe suna miƙar da bayan da ya karkace kafin su fara tambayar abin da aikin ke yi wa tunanin dattijo.

Asalin aikin ba don tsofaffi aka ƙirƙiro shi ba. A 1911 Dokta Russell Hibbs na New York ya fara haɗe gaɓoɓin ƙashin baya ga waɗanda tarin fuka ya ci wa ƙashi. A shekarun 1950 Paul Harrington na Houston ya fito da sandar ƙarfe don yaran da shan inna ya lanƙwasa wa baya. A shekarun 1980 Cotrel da Dubousset na Faransa suka kawo ƙarafa masu riƙe ƙashin a wurare da dama. Da kayan aiki suka inganta, sai aka fara yi wa masu shekara 60 da 70, aikin da kan ɗauki sa'o'i da yawa, ga zubar jini.

Amma tun 1955 wani likita a Ingila, P. D. Bedford, ya rubuta a mujallar Lancet cewa wasu tsofaffi kan farfaɗo daga maganin sa barci na tiyata tunaninsu ya canza. Iyalansu ne suka fara lura, su suka kai masa ƙorafi. Sai a 1998 babban binciken ISPOCD ya auna abin a kan mutum 1,218 masu shekara 60 zuwa sama da aka yi wa manyan tiyatoci iri-iri. Bayan mako guda, kusan kashi 26 cikin ɗari tunaninsu ya ragu. Bayan wata uku, kusan kashi 10 ne suka rage a haka. Ke nan yawanci sun warware, amma ba kowa ba.

Darasin da muka ɗauka shi ne hoton ƙashi kaɗai ba ya nuna nasarar aiki. Idan za a yi wa mahaifinmu ko kakarmu irin wannan tiyata, mu roƙi a gwada tunaninsu tun kafin a shiga, don a sami abin kwatantawa. Bayan an fito kuma mu zauna kusa, mu kawo musu tabaraunsu, mu riƙa tuna musu rana da wuri. In muka ga ruɗewa, mu gaya wa likita nan take, kada mu ce ai tsufa ne.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.