Gwaiduwar Ƙwai da Abincin Ƙwayoyin Halitta: Tambayar da Ta Shafi Magaria da Dungass

Duk damina, idan zazzaɓin cizon sauro ya cika ɗakunan yara a likitar Magaria, inda ƙungiyar MSF take aiki tun 2005, da ɗigon jini a kan ƴar takardar gwaji ake gane cutar. Abin da ke kama alamar cutar a takardar sinadarin garkuwa ne, wanda ƙwayoyin halittar da ake reno a kwalba suke samarwa, bisa dabarar da Köhler da Milstein suka fito da ita a 1975.

Waɗannan ƙwayoyi sai da ci. An daɗe ana ciyar da su da ruwan jinin ɗan tayin saniya, mai tsada, wanda kuma ingancinsa ke sauyawa daga kwalba zuwa kwalba. Shi ya sa masana a Japan, cikinsu har da Hiroki Murakami na Jami'ar Kyushu, suka juya ga gwaiduwar ƙwan kaza. A 1988 suka nuna cewa haɗin kitse da furotin da ke cikinta yana sa ƙwayoyin su yawaita ba tare da ruwan jinin ba. Binciken da ya biyo baya ya rarraba gwaiduwar kashi-kashi, aka ga ba duka ke aiki ɗaya ba: kashin nan mara nauyi, LDL, wanda shi ne wajen biyu bisa uku na busasshiyar gwaiduwa, shi ya fi taimaka wa girma da samar da garkuwar IgM. Ba abin mamaki ba ne, don da kitse ake gina fatar kowace ƙwayar halitta.

Kada dai a ɗauka wannan yana nufin cin ƙwai magani ne. Abin da ya faru a kwalba daban, cikin yaro daban.

Hujjata ita ce: kasuwannin Magaria da Dungass suna cika da ƙwan zabi a daidai lokacin da zazzaɓin ke tsananta, alhali binciken Japan a kan kaza aka yi shi. Gwada gwaiduwar zabuwa aiki ne da ya dace da Jami'ar André Salifou ta Zinder da cibiyar CERMES ta Yamai. Za a ce zabuwar da ke kiwo a daji kitsen ƙwanta yana bin abin da ta tsattsaga, saboda haka ba zai daidaitu ba. Gaskiya ne, kuma nan ne wahalar take. Amma ruwan jinin saniyar ma haka yake, kuma kowane sabon kashi sai an gwada shi kafin a saya.